Yadda ake amfani da antibodi wajen nazarin furotin masu karɓar ƙamshi a jikin ɗan Adam

Tun shekarar 1991 da Linda Buck da Richard Axel suka gano dangin ƙwayoyin gadon da hanci ke bambance ƙamshi da wari da su, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2004, bincike ya nuna cewa ɗan Adam yana da furotin masu karɓar ƙamshi kusan 400 masu aiki, waɗanda waɗannan ƙwayoyin gado ke samarwa. Ba a hanci kaɗai suke ba, domin an sami ɗayansu mai suna OR1D2 a maniyyi, an kuma sami wani mai suna OR2AT4 a fata. Ɗalibin da ke Birnin Kebbi ko Aliero ko Gusau, wanda yake son nuna inda ɗayansu yake a cikin nama, antibodi zai nema, wato furotin garkuwar jiki da ake yi don ya kama wani furotin guda ya nuna inda yake, amma wajibi ne ya fara da tuhumar kwalbar da ya saya, saboda furotin ɗin sun yi kama da juna ƙwarai, har antibodin da aka ce na wannan ne yakan kama ɗan'uwansa.

Kafin a biya kuɗi, a nemi jerin amino asid (tubalan da ke gina furotin) ɗin da aka yi antibodin da shi, a gwada shi a BLAST, manhajar kwatanta irin waɗannan jeri ta cibiyar NCBI ta Amurka, a ga ko ya dace da wasu 'yan dangin. Kamfanin da ya ɓoye wannan jeri, a ganina, bai cancanci kuɗin ɗalibi ba. Idan kaya ya iso, a rarraba shi cikin ƙananan bututu a ajiye bisa umarnin takardarsa, galibi a digiri 20 ƙasa da sifili, domin daskarewa da narkewa sau da yawa suna lalata shi. A ƙasarmu da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, firji mai aiki da hasken rana ya fi aminci.

Babban aikin shi ne tantancewa. A shigar da ƙwayar gadon furotin ɗin cikin sel na HEK293, wato sel na ɗan Adam da ake rainonsu a ɗakin gwaji, a maƙala masa alamar Rho, wato amino asid 20 na farkon rodofsin (furotin ido mai karɓar haske), a haɗa da furotin RTP1S wanda ke taimaka masa ya fito saman sel maimakon ya maƙale a ciki. Daga nan a rina sel ɗin da antibodin alamar da kuma wanda ake tuhuma. Idan na kirki ne, launukan biyu za su haɗu wuri ɗaya, sel ɗin da ba a saka wa komai ba kuma ba za su yi haske ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce hasken antibodin ya ɓace idan aka kashe ƙwayar gadon da CRISPR (dabarar yanke DNA) ko aka rage aikinta da siRNA (gajeren RNA mai hana yin furotin). Toshe antibodi da feftayid ɗinsa, wato guntun furotin da aka yi shi da shi, wanda mutane da yawa ke dogara da shi, ba ya nuna cewa bai kama wani furotin dabam ba.

A gwajin Westan bulot, wanda ke raba furotin bisa nauyinsu a cikin jel su fito layi-layi, kada a tafasa samfur, domin furotin irin wannan, da ke ratsa bangon sel sau 7, yana dunƙulewa da zafi ya kasa shiga jel. A ɗumama shi a digiri 37 na minti 30, a nemi layinsa wajen kilodalton 35 (ma'aunin nauyin furotin). Idan layin ya fito sama da haka, mai yiwuwa sukarin da ke maƙale da shi ne, kuma PNGase F, enzayim mai cire wannan sukari, zai tabbatar.

Wajen rini, idan saman sel ake so a gani, a rina su da ransu a kan ƙanƙara da antibodin da ke kama ɓangaren waje. Idan ciki ake nema, a kafe su da sinadarin farafomaldihayid kashi 4 cikin 100, a huda bangonsu da sinadarin Triton X-100 kashi 0.1 cikin 100. Naman ɗan Adam kuwa ba a taɓa shi sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mai shi.

A ƙarfafa sakamakon da RT-PCR, gwajin da ke gano RNA na ƙwayar gadon, amma a wanke samfurin da DNase, enzayim mai lalata DNA, a kuma ware bututu ɗaya da ba a sa masa enzayim mai juya RNA zuwa DNA ba, saboda yawancin waɗannan ƙwayoyin gado ba su da intiron (guntun DNA da ake cirewa daga RNA) a ɓangaren da ke yin furotin, don haka ɗan gurɓatar DNA kaɗan ya isa ya ba da layin ƙarya.