Yadda nake shirya manhajar hira don tantance shan giyar matasa

A wajenmu da wuya saurayi ya dubi idon ma'aikacin lafiya ya ce yana shan giya. Ga kunya, ga tsoron maganar ta kai kunnen iyaye ko Hisbah. Amma wayarsa yakan gaya mata gaskiya. Shi ya sa nake aiki da manhajar hira, wato manhajar da ke yi wa mutum tambaya da amsa a rubuce a waya.

Kada ka bari manhajar ta ƙirƙiro tambayoyi da kanta. Ɗora mata AUDIT, tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, masu maki daga 0 zuwa 40. Ni da ukun farko nake buɗewa: sau nawa kake sha, nawa kake sha a ranar da ka sha, sau nawa ka kai awo 6 a zama ɗaya. Wanda ya ce ba ya sha, a yi masa godiya a sallame shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne awon. A lissafin hukumar, awo ɗaya gram 10 ne na tsantsar barasa. Babbar kwalba mai 60cl da ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kusan gram 24. Ke nan mai cewa "kwalba uku kawai na sha" ya kai awo 7 bai sani ba. Don haka hotuna nake sawa ya zaɓa: babbar kwalba, gwangwani, 'yar leda, ƙwaryar burkutu. Burkutu ba shi da takarda a jiki, sai a tambayi girman ƙwaryar a rubuta cewa kintace ne.

Haɗa maki kuma ka ba ƙayyadadden lissafi, kada ka bar wa AI, wato basirar na'ura da ke tafiyar da hirar, don takan yi kuskure ba ta ko nuna shakka. A jimillar tambayoyi goman, maki 8 zuwa sama alamar haɗari ce. Daga 20, manhajar ta tura shi asibiti, kada ta ce ya daina yau-yau, domin wanda jikinsa ya saba yana iya kamuwa da karkarwa har da jijjiga.

Ban yarda ta yi wa'azi ba, yana da inda yake jinsa. Ban yarda ta tambayi suna ko lambar ɗalibi ba. WhatsApp yana nuna lambar waya, shi ya sa na fi son shafin intanet marar rajista. Kafin tambayar farko ta tabbatar ya cika shekara 18, ta faɗa masa wanda zai ga amsoshin, sannan ta nemi yardarsa, kamar yadda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanada.