Ka haɗa kwamfuta amma allo ya ƙi kawo hoto

Tambayar nan ta yi yawa: fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Bi a jere.

1. Duba ko fitilar allon tana ci.
2. A jikin allon, saita shigar hoto a HDMI ko DisplayPort, wato ramin da ka soka wayar hoto.
3. A bayan kwamfutar, soka wayar a katin hoto (sashen da ke aika hoto zuwa allo), can ƙasa. Hattara, nan aka fi tafka kuskure: a soka ta a ramin sama na madabod (babban faifan da ake haɗa sassan kwamfuta a kai), alhali wasu firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba sa fitar da hoto.
4. Gwada wata wayar hoto.
5. Zare wutar kwamfutar. Kada ka taɓa cikinta da wuta a jone.
6. Danna RAM (sandunan ajiyar bayanai na wucin gadi da ke kan madabod) har ka ji ƙas.
7. Matse wayar wutar katin hoto.
8. Ka kunna, har yanzu shiru? Sake zare wuta, ka cire batirin CR2032 (ɗan batiri mai kama da kwabo da ke kan madabod) na minti 5.
9. Mayar, ka kunna.