Gidan kamarar DSLR na ƙarƙashin ruwa: yadda ake zaɓa, haɗawa da kula da shi

Kamarar DSLR, wato babbar kamarar dijital da ake sauya wa lens, ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, balle ruwan teku mai gishiri. Abin da ke raba ta da ruwan shi ne gidan da ake rufe ta a ciki, wanda ke da maɓallai da hannuwa a waje da ke taɓa na kamarar daga ciki. Kowane mita 10 da aka nutsa, ruwa na ƙara nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Idan ƙofar bayan gidan tana da faɗin santimita 15 da tsawon 18, to a zurfin mita 30 nauyin da ke danna ta ya haura kilo 800. Duk da haka ba kasafai zurfi ke sa ruwa ya shiga ba. Galibin kamarorin da suka sha ruwa, tun a kan tebur aka jawo musu, lokacin da ake rufe gidan cikin gaggawa.

Wane gida za a saya

Kowane gida an ƙera shi ne don samfurin kamara guda. Gidan Nikon D850 ba zai karɓi D750 ba, domin maɓallan ba wuri ɗaya suke ba. Saboda haka kafin a sayi kamara don wannan aiki, a fara tabbatar da cewa akwai gidanta a kasuwa.

Iri biyu ne. Akwai na roba mai ƙarfi, wato folikabonet, wanda kamfanin Ikelite na Amurka ya yi suna a kai. Ya fi araha, ba ya tsatsa, ana iya hango ciki ta ƙofar baya a ga ko ruwa ya fara shiga, kuma yawanci an yi shi don zurfin mita 60. Sai na alminiyom, irin na Nauticam, Aquatica, Sea & Sea, Subal da Seacam, waɗanda da yawansu ke jure mita 80 zuwa 100. Mai nutso don nishaɗi ba ya wuce mita 40, don haka zurfi ba shi ne dalilin sayen na alminiyom ba. Dalilin shi ne daɗin riƙo: maɓallin ɗauka da na sauya haske suna faɗawa ƙarƙashin yatsa ba sai an saki hannu ba, kuma bai cika yin raɓa a ciki ba. A gwada kowane maɓalli da safar hannun da za a sa a ruwa. Maɓallin da ke da tauri a kan tudu zai fi tauri a ƙasa.

Gilashin gaba ya fi gidan tasiri a kan hoto

Nan ne masu farawa suka fi yin asarar kuɗi. Gilashin da ke gaban lens daban ake sayen sa, kuma ko dai shimfiɗaɗɗe ne ko mai ƙubba.

Haske na karyewa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin gidan. Ta shimfiɗaɗɗen gilashi, abu yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin abin da lens ke gani kuma ya ragu da kusan kwata. Ga mai ɗaukar ƙananan halittu kusa-kusa da lens na 60mm ko 100mm ko 105mm, wannan riba ce. Amma idan aka sa lens mai faɗin gani, kamar 16mm ko 20mm, a bayan irin wannan gilashi, gefunan hoto za su miƙe, su dushe, launuka su rabu a bakin kowane abu. Ba saitin da zai gyara wannan.

Gilashi mai ƙubba shi ke dawo wa lens da faɗin ganinsa, sai dai yana zuwa da nasa sharaɗin. A cikin ruwa ƙubbar kanta tana zama lens, tana ƙirƙiro wani hoton boge na abin da ke gaba, ƙarami kuma a kusa. Abin da ke can nesa yakan bayyana a tazarar da ta ninka rabin faɗin ƙwallon ƙubbar sau uku daga gilashin. Wato idan rabin faɗin santimita 10 ne, kifin da ke nesa zai zama kamar yana santimita 30 gaban gilashi, na kusa kuma ya fi haka matsowa. Lens ɗin da ba ya iya kama abu a kusa sosai zai yi ta kai-komo bai tsaya ba. Maganin shi ne a ɗaura masa gilashin kusantarwa mai ƙarfin +2 ko +4 a gaba, ko a zaɓi lens da ke kama abu a ƙasa da santimita 30.

Wannan hoton bogen a lanƙwashe yake, gefunansa sun fi tsakiyarsa kusa da kamara. Shi ya sa idan ƙofar hasken lens na buɗe sosai, kamar a f/4, tsakiya ke fitowa tsaf, kusurwoyi kuwa su zama dishi-dishi. A tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, a kamara mai babban sensa ma har f/13. Babbar ƙubba, mai faɗin milimita 200 zuwa 230, ta fi gyara kusurwoyi, kuma ita ce ta dace da hoton da rabinsa ke sama rabinsa cikin ruwa. Ƙarama mai milimita 100 ta lens mai idon kifi ce, irin Tokina 10-17mm, tana ba da damar matsawa dab da abu.

Tsakanin gidan da ƙubbar akan sa zoben ƙarin tsawo, domin wurin da haske ke shiga lens ya zo daidai da cibiyar ƙubbar. Idan ya yi gajarta kusurwoyi su lalace, idan ya yi tsawo su yi baƙi. Kowane kamfani na da jadawalin da ke nuna wane lens ke tafiya da wane gilashi da zobe mai milimita nawa, da kuma giyar da ake sa wa lens don a iya juya zum daga waje. A bi jadawalin, kada a yi kintace. Game da ƙubbar akirilik, wato roba mai haske kamar gilashi, ko ta gilashin gaske: akirilik ba nauyi kuma ana iya goge ƙarzuwarsa, gilashi kuwa ba ya saurin ƙarzuwa, amma idan ya ƙarzu shi ke nan.

Zoben roba

Duk tsadar gida, zoben roba ne ke tsare ruwa. Wanda mai kamara ke kula da su da kansa su ne na ƙofar baya, na gilashin gaba, na zoben ƙarin tsawo, na murfin batirin filasha, da na bakin wayar filasha idan ta lantarki ce. Ga yadda ake yi, a wuri mai haske sosai, ba a cikin jirgin ruwa mai tangaɗi ba:

1. A cire zoben da ɗan abin cirewa na roba, ko a matse shi da yatsu biyu daga gefe har ya ɗago. Kada wuƙa ko allura ko sukudireba ta kusanci wurin. Ƙarzuwa ɗaya a cikin kwarmin ta zama hanyar ruwa ta dindindin.
2. A goge kwarmin da soso na kwalliya ko tsumman da ba ya zubar da zare. Auduga na barin gashi.
3. A ja zoben a hankali tsakanin yatsu, ido na gani, yatsa na ji. Yashi, gishirin da ya bushe, tsagewa ko wurin da ya baje, yatsa ya fi ido saurin gano su. Kada a ja shi da ƙarfi, yakan saki ya ƙi zama.
4. A ɗebi man shafawa kamar ƙwayar shinkafa, a murza shi a jikin zoben har ya yi sheƙi kawai.
5. A mayar da shi ba tare da ya murɗe ba, a sake dubawa da tocila, a duba fuskar da zai danna a ɗaya ɓangaren.

Man ba ya tare ruwa. Aikinsa shi ne ya sa zoben ya zame ya zauna daidai idan nauyi ya hau kansa. Idan aka lafta shi, yashi da gashi yake tarawa, kuma silin gashi guda da ya gitta zoben ya isa ya cika gida da ruwa. A yi amfani da man da kamfanin ya bayar, domin wasu zobban da silikon aka yi su, kuma man silikon na kumbura su.

Saka kamara da rufewa

A cire igiyar rataya, robar ido ta maleƙi idan kamfanin ya ce a cire, murfin lens, da hular lens. Batir cike, katin ajiya da wuri, maɓallin lens a kan AF, wato inda lens ke kama abu da kansa. A ɗaure kamarar da kyau a farantin da ke riƙe ta cikin gidan, domin idan ta goce da milimita biyu wasu maɓallan ba za su taɓa ba. A ɗaga hannuwan da ke cikin gidan kafin a zura ta, kada a tura da ƙarfi. A duba cewa wayar filasha da ƙunshin silika mai shanye laima ba su leƙo bakin ƙofa ba, wannan kuskure ya cinye kamarori da yawa. Bayan an rufe, a ɗauki hoto, a ga filasha ta tashi, a juya zum, a sauya ƙofar haske da saurin shata. Murfin lens da aka manta, a nan ya kamata a gano shi.

Idan akwai abu ɗaya da ya cancanci ƙarin kuɗi, to bawul ɗin zuƙe iska ne. Ana zuƙe iskar ciki da ƙaramin famfon hannu har fitilar da ke nuna yanayin iskar ciki ta koma kore, sannan a bar gidan minti 15 zuwa 20. Idan fitilar ta sauya launi, iska na shiga, inda iska ta bi kuwa ruwa zai bi. Yana da wani amfanin kuma: zobban sun riga sun matsu tun kafin a taɓa ruwa. Hakan na da muhimmanci, domin saman ruwa da mitocin farko su ne wurin haɗari, inda babu isasshen nauyin da zai danne ƙofa, ga kuma igiyar ruwa na bugu. Sabon gida, ko wanda aka dawo da shi daga gyara, a fara nutsa da shi babu kamara, a sa takardar goge hannu a ciki, a danna kowane maɓalli a ƙasa, a fito a duba ko ta jiƙe.

Raɓa kuwa daga iskar da aka rufe take zuwa. Iska mai ɗumi da laima idan ta haɗu da gilashin da ruwa ya sanyaya, sai ta zama hazo. A rufe gidan a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a sa ƙunshin silika ɗaya ko biyu, kuma kada a bar shi a rana. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a cikin jirgi.

A cikin ruwa

Ba a tsalle da kamara a hannu. A shiga, a miƙo ta daga jirgi, a cire murfin ƙubba, a karkata gilashin ƙasa a duba ko akwai ɗigo. Ƙananan kumfa da ke maƙale a jiki ba komai ba ne, amma kumfar da ke fitowa a jere ba tsayawa alama ce ta a fita.

Launin ja yakan fara ɓacewa tun wajen zurfin mita 5, launin ruwan lemo ya biyo baya, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi. Filasha ce ke dawo da launi, amma haskenta ba ya yin wani tasiri bayan mita ɗaya da rabi, tunda sai ya je ya dawo. Don haka a matsa kusa, kada a dogara da zum. Idan filashar na kusa da lens, za ta haska ƙurar da ke yawo a ruwa, hoto ya cika da fararen ɗigo. A buɗe hannuwan filasha biyun zuwa gefe, a ja su bayan layin ƙubba, a ɗan karkata su waje yadda gefen hasken ne zai taɓa abin. Ana haɗa su ko da wayar lantarki ko da wayar haske, wadda walƙiyar haske ke bi ta ciki ta tayar da filasha. Ta haske ta fi sauƙin sha'ani, domin ba ta buƙatar ramin da ruwa zai bi.

Saitin farawa, a tsarin hannu kuma a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba: hoto mai faɗi f/8 zuwa f/11, saurin shata 1/125, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) 200 zuwa 400. Ƙananan halittu f/16 zuwa f/22, 1/200, ISO 100. Kada saurin shata ya wuce iyakar da kamarar ke tafiya da filasha, yawanci 1/200 ko 1/250, in ba haka ba baƙin layi zai yanke hoton. Saurin shata ne ke sa shuɗin baya ya yi duhu ko haske, ƙarfin filasha kuma shi ke kula da abin da ke gaba.

Idan ƙararrawar da ke cikin gidan don sanar da shigar ruwa ta yi kuka, a juya gilashin gaba ya kalli ƙasa domin ruwan ya taru a can nesa da kamara, a kashe ta, a hau sama da saurin da aka saba, tare da tsayawar kariya da masu nutso ke yi kafin su kai saman ruwa. Ba a gudu zuwa sama saboda kamara. A kan tudu a fara cire batir da kati.

Bayan fitowa

A jiƙa gidan a rufe cikin ruwan daɗi na minti 20 zuwa 30, ana danna kowane maɓalli sau da yawa, domin gishirin da ya bushe a ƙarƙashinsu shi ke yanka ƙananan zobban da ba a gani. Kada a bar shi shi kaɗai a bahon wanki na kowa da kowa, inda wasu kamarori ke bugun ƙubba ko su buɗe makulli. A tsane shi da tawul, mai buɗewa ma ya tsane gashinsa da hannunsa, sannan a buɗe ƙofar tana kallon ƙasa. Kada a busa maɓallai da iska mai ƙarfi daga tulun nutso, tana tura ruwa ya wuce zobe.

Gidan alminiyom na ɗauke da ƙananan guntayen tutiya da ke zaizayewa a madadinsa. Idan sun cinye a sauya su. Sukurori da ƙwallayen hannuwan filasha a riƙa kwance su bayan kowace tafiya a shafa musu mai, in ba haka ba su manne da jikin gidan. Idan za a hau jirgin sama ko a ajiye shi na watanni, a cire babban zoben a sa shi a jakar leda ba tare da naɗewa ba. Gidan da aka rufe ruf ya yi tafiyar sama yakan ƙi buɗuwa saboda bambancin iska, zoben da ya daɗe a matse kuma yakan baje. Zobban maɓallai da ke ciki aikin masu gyara ne, a kai musu bisa wa'adin da kamfanin ya sa, ko da zarar wani maɓalli ya fara nauyin dawowa bayan an danna shi.