Yadda Ake Rainon Jariri da Nafkin Ba Tare da Wahala Ta Cinye Ribar Ba

Ɗana na uku ya zo duniya a 2023, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur, lokacin da komai a Kaduna ke canza kuɗi tsakanin safe da yamma. Yayyensa biyu da famfas na raine su, ban taɓa tsayawa lissafi ba. Shi kuwa tun kafin mu yi arba'in na ga abin ba zai ɗore ba. Inna da ta zo mini zaman jego ita ta tuna mini cewa mu duka da nafkin aka raine mu, kuma ita ta koya mini naɗi da wanki. Nafkin yana rage kashe kuɗi sosai, amma yana cin ruwa, yana cin sabulu, yana cin ƙarfin uwa. Wadda ta shiga ba shiri, sati biyu za ta yi ta koma shago.

Fara da lissafi, da biro da takarda

Jariri sabon haihuwa yana buƙatar canji sau 8 zuwa 12 a rana, daga baya ya sauko zuwa kamar sau 6. Ɗauki shidan nan kawai: a shekara famfas 2,190 ke nan, a shekara biyu 4,380. Duba kuɗin fakitin da kike saya, ki raba shi da adadin da ke ciki, ki ga nawa guda ɗaya ya tsaya miki. Mu ƙaddara naira 150 ne. A rana 900, a wata 27,000. Ki ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Shi ya sa ake barin yaro da famfas ɗaya tun hantsi har la'asar don a ja fakiti, fatarsa kuma ta biya bashin.

A ɗaya gefen takardar ki rubuta kuɗin nafkin da wandon roba da bokiti, waɗanda sau ɗaya ake saye. Ƙarƙashinsu ki sa abin da zai riƙa dawowa: sabulu, ruwa, gawayi ko gas na dafa ruwan zafi. Ruwan shi ne babba. Mai rijiya ko burtsatse a cikin gida ribarta a fili take. Amma idan kina irin unguwannin da sai an jira mai kura, kamar wasu sassan Rigasa da Tudun Wada a watan Maris da Afrilu, sai ki san kuɗin jarka ki ninka. Ni wankin nafkin kaɗai yakan ci mini jarka ɗaya zuwa biyu a rana. Duk da haka ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba, amma ki yi naki lissafin, kada ki ɗauki nawa.

Akwai layi na ƙarshe da ba a rubuta shi da naira: wa zai yi wankin? Ki zauna da maigida a yi wannan magana tun cikin yana wata bakwai. Idan kuɗin famfas ya ragu a aljihunsa, to ɗibar ruwa da sayen sabulu su hau kansa, kuma ranar da jikinki ya ƙi, a san wanda zai kama. Mai jegon da aka yi wa tiyata ba ta da haɗi da sunkuyon wanki a makonnin farko.

Sai sayayya

Idan kullum za ki yi wanki, nafkin 18 zai riƙe ki. Idan sai bayan kwana biyu, ko haihuwar ta faɗo a damina, ki nemi 24 zuwa 30. Wanda aka fi sani shi ne farin nan mai jikin tawul, mai kusurwa huɗu, kamar santimita 60 kowane gefe. Ana samunsa wajen masu kayan jarirai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ki taɓa da hannunki, ki ɗaga shi sama: wanda haske ke ratsawa sosai ba zai riƙe fitsari ba, wanda kuma yake santsi da ƙyalli roba ta yi masa yawa. Auduga kike nema.

Hanyar da ta fi arha ita ce Kasuwar Barci. Ki zaɓi manyan tawul na gwanjo masu kauri ko zanen gado na auduga mai laushi, ki ba tela ya yanka ya daje bakin. Tawul babba ɗaya yakan ba da nafkin biyu, ragowar kuma a yi ƙananan ƙyallaye na goge jiki da na ƙari a tsakiya. Abin da ciwo a ce garin da Kakuri ta taɓa cika da masaƙu yau sai an nemi auduga a dilar gwanjo, amma haka muka samu kanmu. Duk abin da ya fito daga gwanjo sai an wanke shi an tafasa kafin ya taɓa jikin jariri. Sabo ma a wanke shi sau biyu ko uku, don sabuwar auduga ba ta shan ruwa da kyau sai ta sha wanki.

Ki haɗa da wandon roba 4 zuwa 6, fil mai makulli, ledar shimfiɗa, da bokiti biyu, ɗaya mai murfi. Akwai kuma na zamani mai maɓallai da aljihun da ake cusa ƙyalle a ciki, wanda ake ƙara masa girma yadda yaro ke girma. Yana da sauƙin sawa kamar famfas, amma da tsada, kuma ba ya son tafasa ko guga. Biyu ko uku sun isa don fita unguwa. In 'yan uwa sun tambayi me za su kawo na barka, ki faɗa musu nafkin da sabulu, ba abin kunya ba ne.

Naɗi da ɗauri

Shimfiɗa nafkin, ki haɗa kusurwa da kusurwar da ke kallonta, ya zama mai baki uku. Ga ɗan jariri ki sake ninkawa sau ɗaya don ya yi daidai da jikinsa. Ɗauki ƙaramin ƙyalle ki ninka shi uku a tsaye ki ɗora a tsakiya. Ga namiji ki matso da shi gaba, ga mace ya zauna tsakiya zuwa baya. Kwantar da yaro yadda dogon gefen zai zo masa a ƙugu. Ɗago tsinin ƙasa ta tsakanin cinyoyinsa, ki jawo gefen dama da na hagu su hau kai, sannan ki soke.

Wajen sukar nan ake tsoro, kuma da gaskiya. Ki sa yatsunki biyu tsakanin nafkin da fatar yaro, yadda in fil ya zarce ke zai samu. A kwance ake soke shi, bakinsa na kallon gefe, a tabbatar ya kulle. In ya yi tauri, ki soka shi a sabulu zai yi santsi. Yatsu biyun nan su ne ma'aunin ɗauri: su shiga ƙugu ba takura. Kafin cibiya ta faɗi, ki ninke bakin nafkin ƙasa da ita don ta sha iska, fitsari kuma kada ya taɓa ta.

Bayan an sa wandon roba, ki bi da yatsa ta cinya da ƙugu ki tura duk wani bakin ƙyalle da ya leƙo. Ɗan bakin nan shi ke jawo fitsari ya jiƙa miki zani idan kin goya.

Nafkin ba ya ɓoye danshi, don haka ana canza shi duk bayan awa biyu zuwa uku, kashi kuwa nan take. Wannan ma yana da amfaninsa: kina gani da idonki sau nawa yaro ya yi fitsari, kuma jaririn da ya wuce kwana biyar yana jiƙa nafkin shida ko fiye a rana alama ce nono na isarsa. A wanke masa da ruwa, mace daga gaba zuwa baya, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan. Hoda ba dole ba ce, kuma ƙurarta ba ta da kyau ga numfashinsa. Lokacin zafi ki riƙa cire komai ki bar shi kan ledar shimfiɗa da zani ya sha iska, domin wandon roba yana dafa fata.

Wanki, inda aikin yake

Da kin cire, kashi ya tafi masai, kada a zubar a kwata ko tsakar gida inda yara ke wasa. Na jaririn da nono kaɗai yake sha yana fita da ruwa cikin sauƙi. Daga wata shida da ya fara cin abinci sai an kankare. Ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi yana kama tabo. Ki matse ki jefa a bokiti mai murfi. Bokitin nan na nafkin ne kaɗai, ba ya zuwa wajen wanke-wanke ko alwala. In kina jiƙawa da ruwa, ki ajiye shi inda mai rarrafe ko mai tatata ba zai kai ba, domin ruwa kaɗan a bokiti yana iya halaka ƙaramin yaro. Ki wanke hannu da sabulu kowane canji.

Kada nafkin ya wuce kwana biyu a bokiti. Ni da safe nake yi, don in kama rana. Ruwa mai zafi, sabulun wanki ko omo daidai kima, a cuɗa sosai. Sai ɗauraya, wadda ita ce mata da yawa ke gajartawa saboda tsadar ruwa. Sau uku, ko har kumfa ta ɗauke. Sabulun da ya maƙale a zare shi ke haɗuwa da fitsari ya ci fatar yaro, uwa ta ce nafkin bai karɓe shi ba. Ruwan ɗauraya ta ƙarshe ba ya lalacewa, ki wanke banɗaki da shi.

Ban ba ki shawarar zuba Dettol ko Izal kullum ba, suna da zafi a fatar jariri. Maganin sa tufafi laushi da ƙamshi kuma yana hana auduga shan ruwa. In za ki sa bilic don wani tabo, kaɗan ne, jefi-jefi, bayan an ɗauraye fitsarin tas, kuma ba a haɗa shi da wani sinadari, don haɗin yana tada iska mai cutarwa. In yaro ya yi gudawa ko ƙuraje, ki tafasa nafkin ɗin na minti goma a tukunyar da kika ware. Wandon roba da ruwan ɗumi kawai ake wanke shi, a shanya a inuwa.

Rana ita ce babbar mai taimakonmu a garin nan. Tana fidda tabon da sabulu ya gaza, tana kashe wari. A igiya ake shanya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa da tufafin da ke da sauran fitsari, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a kai. An fi ganinsa da damina. Guga mai zafi yana kashe ƙwan, don haka ko babu wuta ki hura dutsen gawayi ki bi gaba da baya. Gugar tana kuma ƙarasa busar da wanda Agusta ta hana bushewa. Kada ki taɓa ɗaura wa yaro mai sauran danshi. A watan nan nakan ɗaura igiya a baranda, in ƙara yawan nafkin da ke yawo. Da hunturu kuwa awa biyu sun isa, sai dai ki kwashe da wuri ki kakkaɓe ƙura, ki murza shi a hannu don taurin ya saki.

In fata ta yi ja, ki yawaita canji, ki ƙara ɗauraya, ki bar shi a buɗe. In ta kwana uku ba sauƙi, ko ta yi jajir da ƙananan ƙuraje har cikin matsematsi, ko ta fashe, ko ga zazzaɓi, ki kai shi asibiti. Kada a shafa man bilicin ko haɗin kemis da ba a san abin da ke ciki ba.

Ba sai an rabu da famfas gaba ɗaya ba. Ni ina ajiye ƙaramin fakiti don ranar rigakafi, da biki, da tafiya Zariya ko hawa jirgin Abuja daga tashar Rigasa. Wasu kuma da shi suke kwana don uwa ta samu barci, da rana a koma nafkin. Famfas ɗaya a rana maimakon shida ma babban sauƙi ne. In da nafkin za a kwana, ki ninka ƙyallen tsakiya biyu, ki canza lokacin shan nonon tsakar dare. In kin fita da shi, ki riƙe leda mai kauri ta zuba wanda ya ɓaci.

Da yaro ya fara zama, ki koma ga dabarar iyayenmu ta ɗora shi a fo ko a kan ƙafa da ya tashi barci da bayan ya ci abinci. Ba tilas, ba tsawa. Nawa kafin ya shekara yawancin kashinsa a fo yake yi, wankin ya koma na fitsari kawai. Da ya daina sawa na tafasa su duka, na shanya kwana biyu, na ninke a jaka mai zif na sa a saman durowa. Ƙanwata ce ta ɗauke su da ta haihu; wandon roba kaɗai ta sake saye, don robar ƙugunsa ta riga ta saki.