Yadda Ake Kula da Madatsar Ƙasa Mai Riƙe Lakar Ma'adinai

Madatsar da ake zuba lakar da ta rage bayan an niƙa dutse an cire ma'adini, ana ƙara mata tsawo ne shekara bayan shekara, don haka abu na farko da mai kula da ita zai bincika shi ne yadda aka ɗaga bangonta. Idan an ɗora kowane sabon hawa a kan lakar da ke ciki, haɗarin ya fi yawa. Irin wannan gini ne ya rushe a Brumadinho ta ƙasar Barazil ranar 25 ga Janairun 2019, mutane 270 suka rasu, daga baya kuma ƙasar ta haramta shi.

Mafi yawan aikin yana kan ruwa. A nisanta ruwan da ke kwance saman laka daga bango, a share magudanai, a kuma riƙa karanta na'urorin auna matsin ruwa da aka binne a bangon, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi, domin laka da ta sha ruwa tana iya tsinkewa ta kwarara kamar kunu cikin ƙiftawar ido. Idan aka ga tsagewa, ko kumburi a gindin bango, ko ruwa mai laka yana ɓulɓulowa, a dakatar da zubi nan take, a kira injiniya mai zaman kansa.

Kada a gina komai a hanyar da lakar za ta bi. A Brumadinho, ɗakin cin abincin ma'aikata yana ƙasan madatsar, jiniyar gargaɗi kuma ba ta kaɗa ba.