Yadda na gyara lissafin ciko da ya ƙi daidaita

Na auna wani fili da za a haƙa magudanar ruwa a cikinsa da hotunan jirgi maras matuƙi, amma lissafin haƙa da ciko da manhajar ta fitar ya saɓa wa awon da muka yi a ƙasa. Da na duba layukan tsayi, masu nuna tudu da kwarin filin, sai na ga wani tudu a wurin da na san babu komai sai jerin bishiyoyin darbejiya.

Ashe samfurin tsayin fili da ake kira DSM na yi amfani da shi, wanda yake ɗaukar saman duk abin da kyamara ta hango, har da rufin ɗaki da kan bishiya, alhali aikin yana buƙatar DTM, wato tsurar ƙasa bayan an cire waɗannan. Na koma cikin Metashape, manhajar da ke gina samfurin daga hotunan jirgin, na ware ɗigogin awo na ƙasa daga na bishiya da rufi, sannan na cike gurbin ƙarƙashin bishiyoyin da awon GPS.

Duk da haka gaɓar rafin da ke wurin ta fito a shafe, domin irin wannan samfurin da aka gina da murabba'ai yana ba kowane murabba'i tsayi ɗaya tak, ko da gangaren ya karye a tsakiyarsa. Saboda haka na sake gina shi a Civil 3D, wata manhajar zanen injiniyoyi, da tsarin TIN, mai haɗa ɗigogi da alwatika, na shigar da layin gaɓar da na bakin kwalbati don kada wata alwatika ta ƙetare su. Daga nan lissafin ya zo daidai da awonmu.