Yadda za ka gane motar da ke cikin tsohon hoton gidanku

A adakar kakata na samo hoton: kakana tsaye da babbar riga, hannunsa a kan ƙofar wata baƙar mota, gefen hoton duk gara ta ci. Shekara da shekaru a gidanmu ana cewa Peugeot ce. Ashe ba ita ba ce.

Kafin komai, juya bayan hoton. Sau da yawa akwai hatimin mai hoto ko shekara da aka rubuta da biro. Daga nan ka kai a yi maka sikanin mai kyau. Kada ka bari a saka shi a manhajojin nan masu gyara hoto, don ƙirƙiro abin da babu suke yi, su ɓata maka shaida.

Sai ka zuba wa fuskar motar ido, nan asirinta yake. In fitilun a ware suke kamar an ɗora ƙwarya biyu, ga matakala a gefe, to ta tsufa ƙwarai. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, yawanci ƙafafunta na katako ne, kuma in lagiretonta na tagulla ne mai sheƙi, ba ta wuce 1916 ba.

Tamu kuwa gilashin gaba ne ya tona ta. A rabe yake gida biyu, da ƙarfe a tsakiya. Wani tsohon makanike a unguwarmu ya kalla bai fi minti ɗaya ba ya ce, "Ɗana, ai wannan Morris Minor ce." Rababben gilashin ya nuna ba ta wuce 1956 ba, sandunan ragar gabanta kuma a kwance suke, irin wanda aka fara a 1954. Ka ga mun matse ta cikin shekara biyu. Volkswagen Beetle ma haka take: gilashin bayanta a rabe yake har 1953.

Duba sitiyari kuma. Najeriya ta koma tuƙi a gefen dama na titi a 1972, kafin nan a gefen hagu ake tuƙi, don haka yawancin motocin da suka riga wannan lokacin sitiyarinsu a dama yake. In ka gan shi a hagu, karanta lambar motar tukuna, wataƙila a juye aka wanke hoton.

Amma shekarar mota daban, shekarar hoto daban. Baffana da ke tsugune a gefen tayar an haife shi a 1958, kuma a hoton ya kai shekara biyar, wato ba a ɗauki hoton kafin 1963 ba.